Na Ce Wa Innata Maraɗi Za Ni

Lokacin da wannan abu ya same ni, shekaruna sun ɗan haura arba'in. Na yi soja a matsayin anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, na ajiye kaki, ina aiki a wani ƙaramin asibiti kusa da Petit Marché a nan Yamai. Sai dai sunana bai fita daga jerin tsofaffin sojojin da ake kira in buƙata ta taso ba. Taurin kai kam kowa ya shaide ni da shi. Mutum guda nake shakka a duniya, innata, wadda ke zaune a Kirkissoye, hayin kogi, wajen ƙanwata, tana fama da tansiyo, wato hawan jini.

Da girgizar ƙasa ta rushe garuruwa a wata ƙasa mai nisa, aka kira mu mu raka masu kai agaji, ban yi wata-wata ba na amsa. A gidanmu ba a doguwar tafiya sai an durƙusa gaban Inna an nemi gafara, ta dafa kan mutum ta sallame shi. Na san in ta ji inda za ni wallahi ba za ta yarda ba, in kuwa ta hana ba ni da bakin musu. Sai na haye gada na je na shirga mata ƙarya, na ce Maraɗi aka tura ni ƙarin horo na mako biyu. Ta yi dariya, ta ce zuwa garinmu ai ba tafiya ba ce. Ko durƙusawa ban yi ba, don kada ta gane. Na ja ƙanwata gefe na sa ta rantse ba za ta faɗa mata ba, ina ganin na yi dabara.

Abin da na gani can ba ya faɗuwa. Sanyi kamar ya tsinke yatsu, muna cikin tanti muna ɗinki da ɗauri tun safe har hannu ya ƙage. Wata tsohuwa da aka zaƙulo daga ƙarƙashin gini ta riƙe mini hannu gam tana kiran wani suna, tafinta ya ce ɗanta take kira. Na zauna da ita har ta cika. Rezon waya kuwa sai an yi sa'a. In na samu ƙanwata na ce ta ba ni Inna, sai ta ce ta ɗan kishingiɗa, jiki da sauƙi. Mako biyu ya zama biyar.

Ranar da na dawo, tun daga ƙofar gida na ga yadda maƙwabta ke sunkuyar da kai. Ashe har an yi sadakar bakwai. An ɓoye mini ne, don a wajenmu ba a aika wa wanda ke nesa labarin mutuwa. Ƙanwata tana kuka ta ce Inna ta yi kwana uku a gadon asibiti tana tambayata, tana cewa Maraɗi tafiyar yini guda ce, a kira ni in zo. Ita kuma ga rantsuwa, ga tsoron kada gaskiyar ta ƙarasa tsohuwa, sai ta yi ta cewa ina hanya. A rana ta ƙarshe Inna ta daina tambaya. Ta ce a ƙyale ni, wataƙila aikin ya fi ta muhimmanci, ta juya fuska bango.

Wayyo ni! Ban yi nadamar zuwa agaji ba, ƙaryar ce take cin raina har yau. Na ce tausayinta ne ya sa, alhali tsoron kada ta hana ni ne. Don Allah duk wanda aiki zai kai shi wuri mai haɗari, ya faɗa wa iyayensa gaskiya, ko za su yi kuka, ko za su hana shi. Da na faɗa, da ta tafi tana yi mini addu'a. Innata ta rasu tana zaton ina kusa na ƙi zuwa, kuma ba ni da inda zan same ta in gyara wannan zance.