Ranar da Aka Karɓi Gerry Hruska a Matsayin Baƙo

Gerald Hruska ya shekara ashirin da ɗaya yana koyar da ilimin zamantakewa a jami'ar Katolika ta garinmu, wadda ke kan tudu tana kallon tafkin Erie. Duk tsawon shekarun nan malamin wucin gadi ne. Kowane zangon karatu sai ya sa hannu a sabuwar takarda, kowane zango kuma ana iya ce masa an gode.

Mahaifinsa a masana'antar ƙarfe ya yi aiki har ta rufe. Shi kuwa Gerry, kamar yadda kowa ke kiransa, makarantar horar da limaman coci ya fara shiga, ya fita bayan shekara uku, ya yi digirin dakta a kan iyalan ma'aikatan da aka sallama. Fada Anselm, shugaban sashen a wancan lokaci, shi ya ɗauke shi. A bakin ƙofar ɗakin ibada ya riƙe masa hannu ya ce, "Gerry, kujerar dindindin ta farko da ta buɗe taka ce." Ba a rubuta ba. Bayan shekara shida Fada ya rasu, Gerry yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa.

Kujerar ba ta buɗe ba sai bara, Gerry na da shekara hamsin da takwas. Mutum ɗari da arba'in suka nema, aka tace aka bar uku, har da shi.

Jami'ar tana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ba ta mugunta ba ce. Dole a yi wa ukun nan tarba iri ɗaya, a yi musu tambayoyi iri ɗaya, a auna su da abin da suka rubuta da abin da suka faɗa a ranar kawai. Abin da ɗan kwamiti ya sani a wajen wannan, sai ya bar shi a bakin ƙofa. Saboda haka aka kama wa Gerry ɗaki a otal, tafiyar minti goma daga gidansa, aka aika mota ta ɗauko shi da safe.

Bernadette Tkach, sakatariyar sashen, ita ta tarye shi. Ta miƙa masa taswirar jami'a da ɗan katin maƙalawa a ƙirji mai ɗauke da sunansa.

"Barka da zuwa, Dakta Hruska. Da fatan ka iso lafiya."

"Bernie, shekaranjiya fa kika ce in daina satar miki sukari."

"Ka rufa mini asiri, wakiliyar ofishin ma'aikata na bayana," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kuma ka gyara wuyan rigarka, ka zo kamar wanda aka tono."

Ya yi dariya. Ya ce mini wannan ce dariyarsa ta ƙarshe a ranar.

Shugabar sashen, Dakta Maureen Delahunt, ita ta zaga da shi. Shekara goma sha biyu suna dafa shayi a tukunya ɗaya. Ta nuna masa ɗakin karatu, ta nuna masa ɗakin ibada, ta gaya masa ƙarfe nawa ake addu'ar rana. A hawa na biyu ta tura wata ƙofa ta ce, "Nan ne ofishin malamanmu na wucin gadi." Ga teburinsa, ga kofinsa da sauran shayin jiya a ciki, ga rigar sanyinsa rataye a bayan kujera. Suka tsaya su biyu suna kallo.

"Kamar na mutu ne an kawo ni in ga abin da na bari," in ji shi da yake ba ni labari. "Har na ji tausayin mai rigar."

Da azahar aka shiga tambayoyi. Mutum biyar a gefe ɗaya, har da Dakta Delahunt, kowa da takardar ba da maki. Tambaya ta shida ita ce wadda jami'ar ta fi ba wa nauyi: ta yaya mai nema zai haɗa koyarwarsa da hidimar talakawa, wadda ita ce manufar makarantar?

Kowace Asabar, shekara goma sha tara, Gerry yana kai ɗalibansa gidan ciyar da marasa galihu da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Uku daga cikin biyar ɗin nan sun taɓa feraye dankali tare da shi a can. Bai rubuta wannan a takardar neman aikinsa ba, don a gidan da ya tashi, wanda ya yi alheri ba ya shelarsa, kuma a ganinsa rashin kunya ne ya gaya wa mutane abin da suka gani da idonsu.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ai kun sani."

Dakta Delahunt ta sunkuyar da kai, ta sake karanta tambayar a hankali, kalma bayan kalma. Yanzu ya gane roƙonsa take yi. A lokacin kuwa zafi ya ji.

"Maureen, ke ce fa kika ƙone mana miya a gidan ciyarwar nan bara."

"Akwai abin da za ka ƙara, Dakta Hruska?"

"Babu."

Ya ga alƙaluma biyar a tsaye a kan takarda, babu wanda ya motsa.

Wata mata daga jihar Oregon aka ɗauka. Ta yi minti goma sha biyu a kan tambaya ta shida. Gerry ya ce ta san aikinta, ɗalibai na sonta, kuma ba ya jin an zalunce shi. Dakta Delahunt ta zo da kanta ta gaya masa, tana kuka. Ta ce, "Gerry, jimla uku kawai nake nema, da na sami abin rubutawa. Kai wane irin taurin kai ne da kai?" Ya miƙa mata hankici.

A watan Agusta aka ba shi aji biyu, ya sa hannu. Asabar ma bai fasa ba.

Na same shi a farkon hunturu, muka hau hawa na biyu tare. Da muka isa ofishin nan, makulli na hannunsa, sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa, ya ɗan saurara. Da ya ga ina kallonsa ya ce tun ranar nan haka yake yi, bai san dalili ba. Sannan ya buɗe muka shiga.