Bugambiliyar Babanmu

Babanmu mai fulawa ne, wato furannin ado yake sayarwa. Tun kafin a haife ni yake da rumfarsa a bakin titi, jikin katangar wani fili da mai shi ya manta da shi, tsakanin mai faci da masu wankin mota. Dashe yake jerawa cikin baƙaƙen ledoji da tukwanen siminti, masu sabon gida su tsaya su zaɓa. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma a wurin na girma. Ni ke tankaɗe ƙasa, in cakuɗa ta da taki, in cika ledoji, in ja tiyo daga famfon masu wankin mota bayan mun sha cacar baki. Ko da na yi aure ban daina zuwa ba.

Ciniki bai dami Baba kamar labari ba. Mutum zai zo sayen tukunya ɗaya ya koma da tarihin duniya. Sai ya nuna masa rawayan furannin nan masu warin ganye ya ce asalinsu Meziko ne. Wardi mai yawan fure, kakanninsa daga Sin aka ɗauko su a jirgin ruwa. Kariya kuwa tamu ce, a daji take tsirowa ba mai kallonta, sai da baƙi suka sa ta a tukunya muka gane kyakkyawa ce. Duk a lambun wani otal ya koyo wannan, inda ya yi aiki yana saurayi. Ni dai da ya fara sai in ƙara wa tiyo ƙarfi, don na ji har na haddace.

A kusurwar rumfar akwai wadda ba ta sayarwa ba ce, wata bugambiliya cikin rabin duro, mai ja da fari a reshe guda, gindinta ya kai cinyar mutum. Uwa muke ce mata, saboda daga jikinta ake yankan rassan da ake dasawa a sayar. Baba kan ce daga Brazil danginta suka fito, kuma jan da mutane ke yabawa ba fure ba ne, ganye ne ya yi kwalliya, furen gaskiya shi ne ɗan farin nan na tsakiya. Ga ta da hali: in ka cika mata ruwa sai ta yi ta ganye ta ƙi ado, sai ta ji ƙishi take nuna kanta. Ni na san ranar ba ta ruwa da ranar hana ta. Ban taɓa tambaya ba, amma a raina na gama sanin tawa ce.

Sai ga mijin Auta, ƙanwarmu ta ƙarshe. Mai gyaran fanka ne, baki gare shi kamar rediyo. Yakan zo da yamma cikin farin kaya, ya kakkaɓe bencina ya zauna, ya ce, "Baba, ita kuma wannan daga wace ƙasa?" Shi ke nan an kunna Baba. Bai taɓa ɗaga ko leda ɗaya ba, wai ƙasa tana sa shi atishawa. Amma Baba ya soma ajiye masa labari kamar yadda ake ajiye wa ɗan lele tsokar nama. Ina durƙushe cikin taki ina jin dariyarsu, abin yana cina.

Da idon Baba ya soma dusashewa, mai filin ma ya tuno da filinsa, ya ce gini zai yi. Muka karya farashi muka sayar da abin da zai sayu. Ni kuwa na sa maigidana ya haƙa mini rami a tsakar gida, inda rana ke wuni, na zuba taki na bar shi ya huce.

Ranar kwashe kaya Baba ya dafa duron ya ce, "Wannan gidan Auta za a kai ta."

Na ɗauka kunnena ne. Na ce, "Baba, gidan wa?"

"Ke ai hannunki ya iya. Ko sanda kika kafa sai ta yi ganye, yanki reshe ki tafi da shi. Shi kuwa yaron nan sai an ba shi wadda ta riga ta tsaya da ƙafarta."

Wato iyawata ce ta ja mini. Mijin Auta har da cewa, "Yaya, ki riƙa zuwa kina duba mana ita mana." Ni kuwa ban yanki reshen ba. Ina tsaye suka kinkime ta zuwa motar kaya, suka karya mata reshe a bakin ƙofa.

Ba ta yi mako a gidansu ba ta zubar da ganye kaf. Auta ta kira ni hankali tashe, na ce Allah ya kyauta, na ajiye waya zuciyata fes. Na san mutumina mijin Auta, ba zai tuna da ruwa ba sai ya ga ƙasa ta tsage. Ashe wannan lalacin nasa shi take so. Bayan 'yan watanni ta farfaɗo, ta haye katanga, ta leƙa titi. Masu wucewa suna tsayawa ɗaukar hoto. Shi kuma yana bakin ƙofa yana gaya musu daga Brazil take, kuma jan nan ba fure ba ne, har da irin tarin da Baba ke yi kafin ya faɗa.

Yanzu Baba a gidana yake, idon ya tafi gaba ɗaya. Ni ke ɗiga masa magani, ni ke yanke masa farce, ni ke miƙa masa butar alwala. Amma duk ƙarshen mako sai ya sa hularsa ya ce in raka shi ya gaida Uwa.

Makon jiya muka je, masu gidan ba sa nan. Muka tsaya a waje, yana riƙe da hannuna, ya ɗaga fuska wajen katangar.

"Yaya take?" in ji shi.

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe. Ba kowa a titin, da na ce ta bushe, shi ke nan ta bushe. Na dubi fuskarsa yana jira, baki a ɗan buɗe.

Na ce, "Ta yi, Baba. Ko katangar ba a gani."

"Har da farin?"

"Har da farin. Ba ta taɓa yin haka a rumfa ba."

Ya yi murmushi, ya ƙara matse hannuna don kada ya yi tuntuɓe, ya ce, "Na faɗa miki. Yaron nan hannunsa akwai albarka."