Mu Biyu Muka Tsadar da Haya

Lokacin da aka turo ni Tudun Wada aikin malamin gona, Turawa ba su kai ga tafiya ba tukuna. Na zo da halin mutanen birni: in ka ga ɗaki, ka tambayi kuɗinsa. A Kano haya muke zaune, ni da maiɗakina. Saboda haka da dagaci ya kai mu gidan wani dattijo manomi, aka nuna mana ɗaki biyu, bayan an gama gaisawa sai na ce, "Baba, nawa ne a wata?"

Dattijon ya ce, "Nawa ne me?"

Na ce, "Haya."

Ya dubi dagaci, ya dube ni. "Malam, ɗaki ne fa, ba jaki ba. Baƙo ya kwana a gidana in karɓi kuɗinsa? Da wane ido zan dubi mutane a masallaci?"

Muka tare kyauta. Kafin wata uku na gane kyauta ma tana da nata farashin. Kekena ya zama na gida, har sai na nemi izini kafin in hau. Duk mai wasiƙa a unguwar ni ne magatakardansa, takarda da ambulan kuma daga aljihuna. Tukunyar ƙarfen maiɗakina ta je suna bakwai, ta dawo ba marfi. Wata rana ta ce da ni, "Malam, don Allah ka roƙi Baba ya karɓi hayar nan, ko ma huta."

Ban kai ga roƙon ba, sai Allah ya kawo wani mai sayar da goro da ke zaga kasuwanni a kan jakinsa, daga Bebeji zuwa Kiru zuwa wajenmu. Shi ya shaida wa Baba cewa a Bebeji akwai wani malamin asibiti da ke biyan sule biyu duk wata a kan ɗaki ɗaya tak. Baba ya kwana biyu ba ya cin tuwo sosai. Ya je ya tambayi malamin unguwa, aka ce masa halal ne. Sannan ya kira ni zaure.

"Malam, ba don kuɗin ba," in ji shi, "sai don kada a ce Bebeji ta fi mu. Sule biyu da sisi."

Na biya da murna. Washegari na ga ɗansa ya fita da kekena, na yi magana. Baba ya ce haya ta ɗaki ce, keke kuwa zumunci ne.

Daga nan duk zuwan mai goro sai haya ta motsa. Bebeji ta kai uku, mu uku da sisi. Bebeji ta kai huɗu. Maiɗakina har ta haddace kukan jakin mutumin, da ta ji shi sai ta rage man miya. Ɗakin kuwa yana nan yadda yake, sai yoyo da ya ƙaru. Da na yi ƙorafi, Baba ya ce an tabbatar masa na Bebeji ya fi nawa yoyo, kuma mutumin bai taɓa cewa uffan ba. Kafin shekara ta zago muna sule shida.

Na tsani malamin asibitin nan ban taɓa ganinsa ba. A raina wani ƙato ne mai babbar riga, wanda kuɗi suka yi wa yawa. Ran da aiki ya kai ni Bebeji duba shanun huɗa, na ce sai na gan shi. Na tarar da wani siririn bawan Allah, rigarsa da faci a kafaɗa, yana wanke kwalabe. Da na faɗi inda na fito sai ya ajiye kwalba.

"Kai ne na Tudun Wada?" ya ce. "Bawan Allah, me na yi maka? Duk wata sai maigidana ya ce ka ƙara!"

Muka zauna a kan benci muka warware zancen. Ashe duk yankin nan mu biyu ne kaɗai 'yan haya. Mai goro yana kai labarina can, ya kawo nasa nan, ya ɗan ƙara sisi a hanya, kowane maigida kuma ya cika masa ciki don jin daɗin albishir. A Kiru ma, in ji malamin, wani ya ji ana samu ya gina ɗaki uku yana jiran ma'aikata. Awaki ne a ciki.

Muka yanke shawara mu ma mu ciyar da mai goron. Da ya zo Tudun Wada, maiɗakina ta yanka kaza. Ya ci ya suɗe hannu, na roƙe shi ya baza cewa haya ta faɗi. Ya ce, "Malam, wannan labarin ba wanda zai ba ni ko ruwa a kansa. Amma albarkacin kazar nan zan yi shiru." Ya kuwa cika alkawari. Haya ta tsaya a shida, Baba yana ta mamakin yadda kasuwar Bebeji ta mutu.

Bayan damina aka mai da ni Doguwa. Ranar tafiya Baba ya ɗora mana dawa da gyaɗa da zuma, abin da ya kusa ninka duk hayar da na biya, ya raka mu har bakin rafi yana share hawaye da hannun riga.

A Doguwa aka sauke mu a wani gida a gindin dutse. Sabon maigidan ya yi mana maraba, ya ce a garinsu ba a san baƙo ya biya ɗaki ba.

"Sai dai labarinka ya riga ka zuwa, Malam. An ce kai mutum ne da ba ya son kyauta, mu kuwa ba za mu ci mutuncinka ba. Sule bakwai."

Maiɗakina ta shige ɗaki da tukunyarta, ta bar ni da shi a tsakar gida.