Biyar Ba Ta da Murfi

Matata ta rasu da daminar bara, Allah Ya ji ƙanta. Tun daga lokacin nake ta tuna shekarar da ta koya mini lissafi a tsakar gidanmu na Tudun Wada.

Lokacin kuɗin man fetur ne, sababbin ofisoshi na ta buɗewa, ana neman akawuna. Ni kuwa masinja ne, iyakata firamare. An ba mu damar zama jarrabawar shiga aikin akawu, irin wadda ake ba ka amsoshi huɗu ka zaɓi ɗaya, amma sau biyu kawai ake yarda mutum ya gwada. Na riga na faɗi ta farko, lissafi ne ya kayar da ni.

Gidanmu gidan malamai ne, abin da muka iya shi ne hadda. Sai na sami allo na rubuta lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta, waɗanda a makaranta ake kira sikwaya: biyu sau biyu huɗu, uku sau uku tara, har zuwa hamsin sau hamsin. Kullum bayan la'asar ina zaune a tabarma ina rera su ina kaɗa kai.

Matata kuwa malamar firamare ce a Hanwa. Kwana uku tana tankaɗe tana saurarena. A na huɗu ta ce, "Malam, yaushe ne saukar? In fara daka gumba."

Na ce, "Ki yi ta dariya. Zan kai ɗari."

Ta ɗauki tsohuwar takardar tambayoyin ta karanta mini wadda na kasa: wace ce lamba mafi ƙanƙanta da za a ninka ɗari da tamanin da ita ta zama sikwaya? Na bi haddata daga farko har ƙarshe, babu ɗari da tamanin a ciki.

Sai ta shiga ɗaki ta sauko da kwanonin jerenta, waɗanda ko ni ba ta bari in taɓa. Ta ce in yi ta raba lambar har sai ta ƙi rabuwa. Na raba da biyu, na sake rabawa da biyu, saura arba'in da biyar. Na raba da uku sau biyu, saura biyar, ita kuwa ba ta rabuwa sai da kanta ko da ɗaya. Ta ajiye ƙaramin kwano ta rufe shi da murfinsa, ta ce biyu da biyu ke nan. Ta ajiye matsakaici ta rufe, uku da uku. Ta ajiye babbar samira a buɗe.

"Wa ya rage ba rufi?"

"Biyar."

"To, nemo mata murfi. Sikwaya gidan mace mai tsari ne, kowane kwano da murfinsa."

Na ninka da biyar, ɗari tara ta fito, talatin sau talatin. Na saki baki ina kallon samirar. Ta ce, "Malam, rufe bakin, kai ma ba murfi."

Wata biyu muka yi a haka. Duk ranar da ruwa ya sauko sai mu kwashe kwanonin a guje tana faɗa kada in fasa mata fenti. Abokaina na zaure suna tsammanin wani malamin sakandare nake zuwa wurinsa a Kwangila, ni kuma ban gyara musu ba.

A ɗakin jarrabawa tambaya irinta ta fito, da wata lamba dabam. Na raba ta a gefen takarda, bakwai ce ta tsaya ita kaɗai, kuma tana cikin amsoshin. Lokacin da na rage a nan ya ishe ni sauran tambayoyin.

Da aka manna sunaye a ofis nawa na ciki. Na tuƙo keke zuwa gida, na tarar da Baba a zaure da almajiransa manya da abokaina biyu. Bayan addu'a ya ce, "Wane malami ne ya yi wannan aiki? Ya kamata mu je mu yi masa godiya."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, tana cikin gida."

Abokaina suka dubi juna. Baba ya daɗe yana shafa gemu. Can ya miƙe, ya sa takalminsa, ya tsaya a bakin ƙofar tsakar gida ya yi sallama sau uku kamar baƙo. Da ta fito ta durƙusa, sai ya ce, "Tashi, Malama. Yau ni na zo gaisuwa."