Ranar da na kira Baffa da sunansa

Shekarun baya kaɗan, ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare, mahaifiyata ta haifi autanmu. Ana gobe suna, yayan mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya taso daga ƙauyensu can wajen Gwiwa da ragon suna da ya kiwata da hannunsa. Ba mu daɗe da komawa sabon gida a Kazaure ba, bai san hanya ba. Mahaifina ya tafi sayen goro, mahaifiyata tana jego, aka rasa wanda za a aika tasha sai ni.

Wanda ya san ni a lokacin zai yi dariya. Ni ce yarinyar da idan malami ya yi mata tambaya, sai ta kusa da ita ta maimaita masa amsar. Baffa kuwa mutum ne da ko mahaifina ba ya zama a kujera in yana wurin. Sunansa na yanka ba a faɗarsa a gidanmu. Akwai wani mai sayar mana da itace da ke da irin sunan, mahaifiyata ba ta taɓa kiransa da shi ba, sai dai ta ce mai sunan Baffa.

Na same shi a tasha da malafarsa da sandarsa, ragon yana cin ɓawon rake a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce na girma amma har yanzu ba a sayo mini murya ba. Na bi bayansa ina nuna hanya da yatsa.

Kafin a kai unguwarmu sai an tsallaka babban titin da ya taho daga Kano ya nufi Daura, a wata mararraba da ba a daɗe da kafa mata danja ba. Baffa ya tsaya yana kallon fitilun. A hankali na bayyana masa cewa idan ta yi ja motoci su tsaya, idan ta yi kore su wuce. Abin ya burge shi ƙwarai. Ya ce ashe har titi an naɗa masa mai unguwa, kuma abin da hukuma ta kafa ai ba a yi masa gardama.

Abin da ban gaya masa ba, don na ga maganar ta yi tsawo, shi ne abin da na lura da shi kullum a hanyar makaranta. Mara surutu yana da lokacin saurare. Babbar motar da za ta tsaya, tun daga nesa za ka ji birkinta yana huci, gabanta yana ɗan duƙawa. Wadda ba ta da niyya kuwa, oda za ta danna ba ta saki, tana ƙyafta fitilu kamar ita ce mai gaskiya.

Danja ta ba motocin babban titi ja. Ƙananan motoci suka tsaya, 'yan acaɓa suka sauke ƙafa. Baffa ya gyara igiyar ragon ya sauka titi, idonsa a kan fitilar, yana gyaɗa mata kai kamar ta gaishe shi. A daidai nan na ji odar. Wata tifa ce maƙare da yashi ta taho ta gefen da babu mota, ba huci, ba alamar rage gudu.

Na ce, "Baffa." Ni kaina ban ji ba. Na ƙara da ɗan ƙarfi, amma a bakin titin nan rabin dattawa Baffa ne, bai ko waiwayo ba. Ban san lokacin da na buɗe baki na ƙwala masa kira da sunansa na yanka ba, tsirararsa, ba Malam ba Alhaji.

Ya tsaya cak. Ya juyo da fuskar da ban taɓa gani ba, ya yi taku biyu zuwa wajena don ya ga wane mara kunya ne. Tifar ta wuce ta inda ya baro. Iskarta ta ɗauke malafar, yashi ya watso mana, ragon ya zube a gwiwoyinsa. Mai awara da ke gefe ta hau salati, 'yan acaɓa suka raka direban da baƙaƙen maganganu. Wani ya tsinto malafar ya kakkaɓe ya miƙa masa.

Ya ɗora malafarsa, ya ja ragonsa muka nufi gida. Ni dai na riga na gama yanke wa kaina hukunci. Muna shiga na wuce madafa, na ɓuya bayan matan da ke tankaɗen gari.

Bayan la'asar aka ce ana kirana a zaure. Na tarar da mahaifina a ƙasa kansa a sunkuye, ya fara ba da haƙuri a madadina, wai yarinta ce. Baffa ya ɗaga masa hannu. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya yake yi har da hawaye. Ya ce rabon da a kira shi da wannan muryar tun yana yaro, ranar da marigayiya mahaifiyarsu ta gan shi yana leƙa rijiya. Shi ya sa ƙafarsa ta tsaya tun kafin kansa ya gane mai kiran.

Washegari duk wanda ya zo suna sai da ya ji labarin, yana yi yana ƙara gishiri, har tifar ta zama tirela biyu. Da aka soya naman, da kansa ya zaɓo hanta ya ce a kai wa mai murya.

Har yau ba na yarda da danja ita kaɗai. Ina jiran ta ba ni hanya, sannan in kasa kunne in ji hucin birki kafin in ɗaga ƙafa, kuma yanzu ina faɗa wa duk wanda ke tsaye kusa da ni, ko da ya girme ni. Kunyata tana nan, ba ta je ko'ina ba, na dai san inda ake ajiye ta.

Da zai koma ƙauye ni na raka shi tasha. Da muka zo mararrabar ya tsaya ya miƙo mini hannun rigarsa in riƙe, ya ce, "Uwata, sunan nan na ba ki izininsa. Amma a bakin titi kawai."