Ranar da Aka Auna Bundu Mai Shiɓa

A Nainital, garin kan dutse mai tafki a tsakiya, bakan shiɓar Bundu ne ke gaya wa mutane damina ta wuce. Ranar da aka ji ƙarar tsarkiyarsa a hanyar da ta hau unguwar Ayarpatta, matan gidaje sun san lokacin fito da barguna ya yi, masu gadi kuma su tuno duk aikin da suka yi wata uku suna cewa sai gobe.

Bundu Mansuri mutumin Rampur ne, mai shiɓar auduga, ɗan mai shiɓa, jikan mai shiɓa. Ya haura sittin, gemunsa ya yi fari fat, in yana aiki ba ka gane inda gemu ya tsaya auduga ta fara. Sana'ar ta ba shi tari wanda ba ya jin magani, ta aurar masa da 'ya'ya mata uku, ta kai shi ziyara Ajmer sau ɗaya. 'Ya'yansa maza sun ƙi bakan, ɗaya yana gyaran waya, ɗaya yana tuƙa babur mai ƙafa uku. Bai yi musu faɗa ba. Shi dai duk kaka zai ɗaure bakansa, wanda ya fi shi tsawo, a saman bas, ya hawo dutse ya yi wata biyu yana farke bargunan auduga, yana shiɓe su, yana mayar da su sabbi.

Sana'ar tana da wani wulaƙanci da aka saba da shi har aka daina ganinsa. Kafin mai shiɓa ya taɓa bargo sai an auna audugar, in ya gama a sake aunawa. A tsakani kuwa uwar gida za ta jawo kujera ta zauna da kwanon wake tana ɓarewa, ido ɗaya a wake, ɗaya a hannunsa. Bundu ba ya jin haushi, ya san 'yan sana'arsu, akwai masu faɗin riga. Amma akwai gida guda da ba a yi masa haka. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, Babuji Tandon, wani lauya daga Lakhnau mai gida a can saman Ayarpatta, ya ɗauki sikeli da hannunsa ya rataye a ƙusa cikin ɗakin ajiya, ya haɗa masa da laƙabin girmamawa, ya ce, "Bundu Miyan ba a auna shi." Wannan magana ita ce takardar shaidar Bundu a duniya. Babu mai shayi a bakin tafki da bai haddace ta ba, wasu ma suna ƙarasa masa tun kafin ya kai ƙarshe.

Babuji ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. Matarsa, wadda kowa ke kira Mataji, ba ta taɓa fasa hawowa hutun kaka ba, tana zama har bayan bikin Diwali. Bana ta yi jinya, da ƙyar likita ya yarda, shi ya sa matar ɗanta, Rachna, wadda ma'aikata ke kira Bahuji, ta riga ta zuwa da kwana biyar don ta gyara gidan.

Bundu ya iso ya tarar da Khim Singh mai gadi a kan tsani yana kankare fumfuna daga bango.

"Kai, tsohon kwarto, ashe ba ka mutu ba?" in ji Khim Singh.

"In na mutu wa zai ɗumama maka waɗannan ƙasusuwan? Wa ya sa ka aiki yau? Ko rana ta fito ta yamma?"

Khim Singh ya sauko, ya rage murya. "Bahuji ce ta zo. Jiya har ƙarƙashin gadona ta leƙa. Ka iya bakinka."

Rachna ba muguwar mace ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Mace ce da ta tarar da rufin da birai suka ɗaga, da famfo mai tsatsa, da kwana biyar kacal. Ta so ta sayo bargunan kanti ta huta, Mataji ta ce ba za ta kwana cikin leda ba. Kuma ta taso a Kanpur a hannun uwar da ta koya mata kada ta taɓa barin mai shiɓa shi kaɗai da auduga. Da aka fito da barguna shida daga akwatin ƙarfe, ta ce, "Khim Singh, kawo sikeli."

Khim Singh ya dubi Bundu, ya dubi ƙasa. "Bahuji, a gidan nan ba a..."

"A gidan nan ma ana auna dankali. Kawo."

Bundu ya ji abin har cikin ƙashinsa, amma bai nuna ba. Ya farke bakin bargo ɗaya, ya zura hannu, ya ji sanyi. "Bahuji, in dai za a auna, a shanya tukuna. Audugar nan ta sha ruwa."

"Ruwa? A cikin akwati a kulle?"

"Nan gajimare ba ya sallama, shigowa ɗaki yake yi. Wata uku yana kwana da ita."

Rachna ta yi 'yar dariya, ta kira shi Chacha, wato baffa. "Chacha, wannan dabarar ma Mama ta faɗa mini. A auna yanzu."

Wanda ba ɗan dutse ba ba ya yarda da danshin dutse sai ya ga takalminsa ya yi gashi. Aka auna. Khim Singh ya ɗaga sikelin kamar wanda aka ba gawa, ya rubuta nauyin kowane bargo da alli a jikin bango.

Kwana biyu Bundu yana aiki, Rachna tana kujera. Ya baza audugar a rana, Khim Singh yana korar birai da sanda. Sannan ya rataye bakan a azarar baranda, ya durƙusa, ya ɗauki gudumarsa ta itace. Yana bugun tsarkiya tana cafke dunƙulalliyar auduga tana watsa ta sama, ƙura tana zubowa ƙasa, abin da ya kwanta kamar tabarma ya tashi ya kai ƙugu. Ya shimfiɗa, ya daidaita da 'yar sanda, ya ɗinke layi-layi, kowane layi faɗin yatsa huɗu daga ɗan'uwansa ba tare da ya gwada ba. Ko Rachna sai da ta ajiye wayarta tana kallo. Da ka ga Bundu a lokacin ka san mutum ne da ya san abin da Allah ya ba shi.

Safiya ta uku aka auna biyar ɗin da ya gama. Dukansu sun ragu. Bundu ya kawo ƙurar da ya share ya tara a buhu, aka ɗora, ta cike kusan rabin abin da ya ragu. Sauran babu.

"Kilo guda da 'yan kai," in ji Rachna. "Ina ya tafi?"

"Rana ta sha, Bahuji."

"Rana. To, rana tana da buhu?"

Ta faɗe shi da ƙarfi, kuma a daidai lokacin mai madara yana tsaye a ƙofar kicin yana tsiyaya. Mai madarar Ayarpatta gida arba'in yake shiga kafin hantsi, kuma ba madara kaɗai yake rabawa ba. Bundu ya ga yadda kunnen mutumin ya miƙe, ya san kafin azahar sunansa zai gama zagaye dutsen. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Khim Singh ya kawo masa shayi, ya bar shi ya huce a wurin.

Saura bargo na shida, na Mataji, kuma a nan ne abin ya tsaya masa a wuya. Shekarar da Babuji ya rasu, yana ɗinki a barandar nan ya jiyo Mataji tana cewa, ita kaɗai, tun da ta koma kwana ba kowa ƙafafunta ba sa ɗumi. Da shekara ta zagayo, da zai taho ya sayi rabin kilo na sabuwar auduga a Rampur, ya ƙara a gefen ƙafa, ya matse ɗinkin wurin, ya yi ƙulli da jan zare a kusurwa don Khim Singh ya san inda zai juya wajen shimfiɗa. Haka yake yi duk shekara, ya cire wadda ta mutu ya sa sabuwa, ba wanda ya sani sai shi da Khim Singh. Ta bana tana nan cikin ƙunshinsa, ƙarƙashin rigar sanyi. In ya fito da ita yanzu, a gaban wannan kujera, kowa zai ce ɓarawo ne yake mayar da abin da ya ɗauka.

Khim Singh ya tsuguna kusa da shi kamar mai tsince zare. "Bar shi bana," ya ce a hankali. "Shekara ɗaya ce."

"Ƙafafun nata sun san bana ce?"

Ya kwance ƙunshin a fili, ya fito da audugar.

Rachna ta miƙe tsaye. "Au! Ga rana ta dawo da ita."

"Taɓa, Bahuji." Ya miƙa mata ɗan ƙulli daga kowace. Ta gidan ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, tana warin kafur. Tasa fara tas, har da ɓawon iri a jiki. Ta juya su a hannu, ta ga bambancin, amma mutum ba ya saukowa daga dokin magana a gaban mai gadi.

"Ni ban ce a ƙara komai ba."

"Ba a taɓa cewa ba," in ji Bundu.

Ya shiɓe, ya shimfiɗa, ya ɗinke, ya yi ƙullin jan zarensa. Ya saɓi baka ya fita, bai buga tsarkiya ba har ya kai bakin tafki.

Washegari ya je gida biyu da suka yi alkawari. Na farko suka ce bana sun fasa. Na biyu matar ta leƙo ta taga ta ce sikelinsu ya lalace, sai an gyara. Ya koma masallacin da yake sauka, ya zauna da bakan a cinya yana shafa wa tsarkiya kakin zuma, alhali ba ta buƙata. Shekara arba'in da ɗoriya yana hawa dutsen nan, ranar ce ya fara tunanin ko bas ɗin Rampur ƙarfe nawa yake tashi.

Kwana biyu bayan nan, da sassafe, Khim Singh ya sauko yana haki. "Tashi, tsoho. Mataji ta iso jiya, ta ce ko a kafaɗa in kawo ka."

Ya same ta a baranda cikin kujerar kaba, ta ƙanƙance, bargon yana lulluɓe da ita har ƙirji. Rachna tana tsaye a gefe, sikelin yana ƙasa, da matashin kai guda a kansa. Mai madara ya gama tsiyaya yana shirin sulalewa.

"Kai, tsaya nan," in ji Mataji. "Tunda ka kai na farko, za ka kai na biyu. Bahu, faɗa wa Bundu Miyan."

Rachna ta gyara mayafinta. "Ranar da ka tafi na ciro matashin nan daga akwatin, na auna, na shanya kwana biyu, na sake aunawa. Ya ragu, Chacha. Ba wanda ya taɓa shi sai ni. Na yi maka ba daidai ba, ka yafe ni."

Bundu ya buɗe baki, tari ya riga magana fitowa. Ya ɗaga hannu kawai.

"Ni kuma da saura," in ji Mataji. Ta laluba da yatsu har ta kamo kusurwar bargon, ta ɗaga ƙullin jan zaren. "Wannan fa? Kai da wancan munafukin mai gadi kuna tsammani idona ne kaɗai ya tsufa, har da ƙafata? Tun shekarar farko na ji bambanci. Na san in na yi maka godiya kunya za ta kama ka, ka ce ba kai ba ne. Sai na yi shiru na sha ɗumina." Ta juya ga mai madara. "Ka ji? Shekara goma ƙafafuna suna cikin audugar mutumin nan. Je ka faɗa, kada ka rage, kada ka ƙara ruwa yadda ka saba."

Mai madara ya fita da sauri, gwangwanayensa suna karo da juna. Khim Singh ya sunkuya zai ɗauki sikelin.

"A'a," in ji Mataji. "Wadda ta sa aka sauko da shi."

Rachna ta ɗauka ta shiga ciki. Suna ji daga baranda ta jawo kujera ta taka, sarƙar ta yi ƙara a jikin ƙusa. Bundu ya tsaya riƙe da bakansa, yana goge ido da gefen rawani yana cewa ƙurar auduga ce, alhali kwana uku bai shiɓi komai ba.

Mataji ta tura ƙafafunta can ƙasan bargon, ta motsa yatsu, ta lumshe ido.

"Bundu Miyan, bana ka ƙara fiye da bara."

"Bana kin fi bara jin sanyi, Mataji."