Kaset Ɗin da Inna Ta Aiko wa Hajiya

Kamfanin da na yi wa aiki a gefen birnin Lyon ƙarami ne, kuma aikinsa guda ɗaya: gwada ma'aunai. Ana kawo mana sikelin masu sayar da magani da na mahauta da na ɗakunan bincike, mu ɗora musu duwatsun awo na ƙarfe waɗanda aka tabbatar da nauyinsu, mu rubuta abin da allura ta nuna, mu sa hannu. Na shiga wurin bayan na ƙare karatu a Bron, unguwar da nake zaune kusa da Lyon, na yi shekara biyu da wata huɗu. A ƙarshen wani hunturu na tsakiyar shekarun casa'in mai kamfanin ya tara mu, ya ce ciniki ya mutu, za a rufe. Ya yi mana musabaha ɗaya bayan ɗaya, idonsa a ƙasa. Ban riƙe shi da komai ba, har yau kuwa.

Na ambaci irin aikin ne domin a fahimci abin da ya biyo baya. Hannuna ya saba da cewa ba ya sauka a ƙarƙashin lamba sai na gan ta da idona.

Mako guda bayan rufewar na je ofishin da ke biyan kuɗin shomaji, wato ɗan abin da ake bai wa wanda ya rasa aiki kafin ya sami wani. Na jera takarduna cikin koren bango bisa tsarin da aka nema, na ɗauki tikiti, na zauna. Da lambata ta fito, na tarar da wata mata mai furfura, tabarau na rataye a wuyanta da sarƙa. Ta yaba da tsarin dosiyena, wato tarin takardun, ta ce da kowa zai zo haka da ta riƙa cin abincin rana a kan lokaci. Tana cikin buɗe shafuka sai ta tsaya, ta koma baya, ta sake dawowa.

"Monsieur," ta ce, "sau nawa aka haife ka?"

Abin da ta gani shi ne wannan. Takardar haihuwata ta kotun yankinmu ba ta da rana, ba ta da wata. An rubuta "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza. Wanda ya yi mini takardar zama a Faransa ya cike gurbin da ɗaya ga Janairu. Wanda ya yi mini katin asibiti, da kamfanin da ya kwafa daga gare shi, sun sa talatin da ɗaya ga Disamba. Na'urarsu ta ƙi yarda cewa mutum ɗaya ne. Matar ta miƙo mini farar takarda, ta ce in rubuta wace ce ranar gaskiya, in ƙara da cewa na faɗa bisa mutuncina, in sa hannu. Ta ce aikin minti biyu ne.

"Madam, babu ta gaskiya a cikinsu."

"To zaɓi wadda ta fi maka kyau. Da ni ce, Janairu zan ɗauka, ka ga za ka riga kanka yin ritaya."

Na yi murmushi domin ta yi, amma alƙalamin ya ƙi sauka. Na ce ta ba ni lokaci in bincika. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce dosiyen zai tsaya cik har sai takardar ta dawo, ba za a biya ni komai ba. Na ce na gane. Na ninke takardar gida biyu na sa a aljihu.

Na san yau cewa mutane da yawa za su kira wannan wauta, kuma ba na musu. Ina da ɗaki a Bron wanda mai shi ba zai jira ni har abada ba, ga ɗan abin da na ajiye yana narkewa. Duk da haka na yi kwana goma ina buɗe takardar ina rufewa. A rana ta goma sha ɗaya, idan ban yi kuskuren lissafi ba, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris.

A Stains, wata unguwa a gefen Paris, hawa na bakwai na wani dogon gini, akwai Alhaji, aminin mahaifina tun suna samari a garinmu na ƙasar Maradi. Shi ke kula da kaya a wani babban sito a Aubervilliers. Shi da matarsa Hajiya su ne iyayena a wannan ƙasa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi sanyi, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Lyon waɗanda bai taɓa gani ba. Sai da Hajiya ta ajiye tuwon semul na garin alkama da miyar kuka, muka wanke hannu, sannan na faɗi abin da ke tafe da ni. Maganar rasa aiki ya karɓa da "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Maganar takardar kuwa sai da ya ajiye loma don dariya.

"Kai yaro! Duk benen nan ran ɗaya ga Janairu aka haife mu. Ni, da Bamalen hawa na uku, da tsohon nan na ƙasa mai tari. Ran sabuwar shekara in Turawa suna harba wuta sama, mu muke cewa namu ne."

"Alhaji, bisa mutuncina aka ce in rubuta."

"Mutuncinka na cikin Janairu ne ko cikin Disamba? Ka ji ɗan boko. Ubanka ma haka yake, in ya auna maka hatsi sai ya share bakin tiya sau uku."

Hajiya, tana zuba mini ƙarin miya, ta ce, "To ka tambayi uwarka mana, ita da ta haife ka." Ba ta rufe baki ba ta gane abin da ta faɗa, ta ce, "Af, na manta."

Ni ɗan fari ne. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana so a ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Kai wa wancan." Kakata ce ta yaye ni, a ɗakinta na girma, ita ce mai ba ni labari, kuma da tana raye da tambayar ba ta yi nauyi ba. Ta rasu ina shekara ta biyu a Lyon, mahaifina ya riga ta. Ba wanda ya rage da ya san ranar sai Inna, wadda a gabanta ko kalmar haihuwa ba a haɗawa da ni. Bayan wannan, tambayarta na nufin in gaya mata dalili, alhali duk wasiƙun da na aika gida cewa suke yi aiki lafiya lau.

Garinmu ba waya a lokacin. Kaset muke aikawa ta hannun matafiya, kuma Alhaji ya san wani ma'aikaci da zai tashi zuwa gida ran Alhamis. Ran Lahadi da la'asar suka bar mini falo da rediyonsa. Na ɗauka sau uku. A na farko na yi gaisuwa har na ƙare ban shiga magana ba. A na biyu na ce wani ofishi ne ke tambaya, ban ce wane ba, da na saurara sai na ji rabin gaskiya ce, na goge. A na uku na ce aikin ya ƙare, ba don na yi laifi ba, na ce ana neman ranar da aka haife ni, ban san ta ba, ba kuma na son in rantse a kan abin da ban sani ba. Na roƙi gafara a kan tambayar. Wannan ɗaukar na bar ta haka, ban goge ba.

Na koma Bron na shiga jira iri biyu. Da safe in sauka in buɗe akwatin wasiƙu, sannan in hau bas zuwa ɗakin karatu na gari, inda akwai ɗumi da jaridu masu tallan aiki. Ina rubuta wasiƙun neman aiki da hannu, in harafi ɗaya ya karkace in sake daga farko. Na koyi dafa wake iri-iri. Itatuwan bakin titinmu suka fara toho, na lura da su sosai a shekarar, domin ban taɓa samun lokacin dubansu ba. A mako na huɗu wasiƙa ta zo daga ofishin, cikin ladabi, cewa in takardar ba ta iso kafin ƙarshen wata ba za a rufe dosiyen, sai in sake daga tushe. Na karanta ta a tsaye a bakin matakala. Na fara tunanin ko Inna ta ji kaset ɗin ta yi shiru, wanda kuma hakkinta ne.

Saura kwana shida wata ya ƙare Alhaji ya kira wayar gidanmu ta ƙasa. Gaisuwar ma a gajarce ya yi ta.

"Saƙo ya iso. Amma ba naka ba ne, na Hajiya ne. In kana so ka ji sai ka zo ka roƙe ta."

Da na isa Stains na tarar gaskiya ya faɗa. A jikin kaset ɗin, da rubutun ƙanena, an sa: zuwa ga Hajiya. Muka zauna mu uku, ta danna. Aka fara jin akuya, da sakan turmi daga nesa, da muryar ƙanena yana cewa ta yi magana ya kama. Sai Inna ta yi sallama, ta gaida Hajiya gaisuwa mai tsawo, ta gaida Alhaji, ta tambayi sanyin ƙasarsu. Ni ba ta ambace ni ba. Sannan ta yi gyaran murya.

"Hajiya, wancan na wurinku ya aiko da tambaya. Ni mi zan ce mishi? Ke dai zan ba labari, mu mata. Da damina ne, gero ya yi bununi. Ran Alhamis, don mutane sun tahi kasuwa, gidan ba kowa sai ni da tsohuwa, kakar wancan. Ina tsakar gida ina tsince yakuwa abin ya taso. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ɗakin yana zuba ta kusurwa, tsohuwa ta tara ƙwarya nan, ta tara kasko can. Kahin la'asar ya zo. Bai yi kuka ba sai da ya buɗe ido ya duba kowa, kamar mai ƙirga mu. Tsohuwa ta ce wannan alƙali ne. Ni ban dube shi ba, kin san hali. Sai da suka hita duka na ɗaga zanen."

Ana jin akuyar. Hajiya ta kai bakin mayafi ga idonta, Alhaji ya shiga gyara carbinsa da bai lalace ba.

"Shekara kuwa ban san ta Nasara ba. Da za a sa shi lakwal, makarantar boko, malamin ya ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, ya taɓo. Ubansa ya ɗauki mutum biyu, suka yi tahiyar wuni a ƙasa zuwa wurin alƙali, suka kintata, aka rubuta. Ki ce mishi mutanen da suka kintata masu sonsa ne, iyakar saninsu ke nan. Ya rubuta abin da ya sani, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba, wa zai kama shi? Maganar aiki kuma, ki ce mishi mun ji. Kar ya aiko da komi bana, rumbu da sauran hatsi. Ki duba min ko yana cin abinci."

Daga nan ta koma labarin wanda ya yi aure da wanda ya rasu, har kaset ɗin ya ƙare.

Hajiya ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "To, an ce in duba. Ba ka ci. Tashi ka wanke hannu."

A cikin jirgin komawa na rubuta takardar, a kan gwiwata, ban sake ta ko sau ɗaya ba. Na ce bisa mutuncina ban san ranar haihuwata a kalandar Turawa ba. Cewa bisa shaidar mahaifiyata an haife ni ran Alhamis, da damina. Cewa ranar da hukuma ta rubuta a takardar zamana ita ce ɗaya ga Janairu, ina roƙo a yi aiki da ita. Kuma mai Janairu da mai Disamba duk ni ne. Na sa hannu.

Matar mai tabarau ta karanta har ƙasa, leɓunanta na motsi. Ta ce layi na uku da na huɗu kawai take buƙata, amma sauran ma ba su ɓata komai ba. Ta buga hatimi. Tana mayar da dosiyen cikin bangonsa ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ko an yi ruwa ranar. Na ce an yi, har ɗakin ya zuba. Kuɗin suka fara shigowa bayan mako uku, ɗakina na Bron ya tsira, kuma kafin kaka na sami wani aikin awo a wata masana'anta.

Kaset ɗin bai zama nawa ba. Na roƙi Hajiya ta ba ni, ta ce wasiƙar mutum ba a ba wani, ita aka aiko wa. Ta ajiye shi a cikin kwabarta, bayan kwanonin baƙi. Amma duk lokacin da na je Stains a shekarun da suka biyo baya, bayan an gaisa an ci abinci, sai ta ɗauko shi ta sa a rediyo, ta ce tana so ta sake jin labarin garinmu. Da an wuce gaisuwa, Inna ta yi gyaran murya, sai Hajiya ta tuna ta bar tukunya a kan wuta, ta kira Alhaji ya zo ya taya ta duba, su bar mini falon.